Raunin tsutsar tsargiya yana cikin maiƙo

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan kanal ya mai da Kura, Bunkure da Kadawa rumbun shinkafa da tumatir. Sai dai ruwan da ke kwance a magudanai shi ne kuma mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Shekaru arba'in ke nan duniya ta dogara kusan kacokan ga magani guda, Praziquantel. Ba ya kashe tsutsar sosai tana ƙarama, ba ya kuma hana sake kamuwa. Ranar da tsutsar ta daina jinsa, manomi ba shi da madafa.

Tsutsar tana da rauni sananne: ba ta iya ƙera kolestarol ko tushen maiƙo da kanta, daga jinin mutum take kwasa. Ke nan akwai furotin a jikinta da ke kama maiƙon, su kai shi inda ake buƙata. Wanda ya gano su ya gano inda za a toshe mata abinci.

Hanyar ganowa ta samu. Masana kimiyyar sinadarai suna ƙera maiƙo na kwaikwayo mai alama biyu. Ta farko, idan aka haska ta da hasken ultrabayolet, sai ta manne da furotin ɗin da ke kusa da ita. Ta biyu kamar ƙugiya take, da ita ake janyo furotin ɗin a tantance shi. Dabarar maƙala ƙugiyar ce ta ci kyautar Nobel a 2022. A 2013, masu bincike a Amurka sun gano furotin fiye da 250 masu hulɗa da kolestarol ta wannan hanya. A 2014, wasu a Landan sun yi amfani da maiƙo mai ƙugiya wajen tabbatar da wani enzayim na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a matsayin inda magani zai iya kamawa.

Za a ce rabon magani da tsabtace kanal sun fi gaggawa. Gaskiya ne, amma rabon maganin ya jingina ne ga ƙwaya ɗaya. Ya kamata TETFund da masu zuba kuɗi a noman rani su ware kaso domin irin wannan bincike a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello. Na'urorin suna da tsada, ana iya haɗa gwiwa da cibiyoyin waje a kansu. Tsutsar da marasa lafiyar kuwa suna nan Kura da Bunkure, kuma masanan da ke kusa da su ya dace su jagoranci aikin.