Ƙuri'ar Masu Gida Ba Ta San Ɗan Haya Ba



Akwai wata magana da take yawo a tsakaninmu duk lokacin da aka zauna zancen fili da haraji. Sai ka ji ɗan'uwa ya ce, ai da a Amurka ne, mutanen gari da kansu suke jefa ƙuri'a a kan harajin da za su biya da irin ginin da za a yi a unguwarsu. Mun san inda maganar ta samo tushe. Tun dokar ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamnan jiha, kuma ikkilisiyoyi da yawa sun kashe takalma wajen bin takardar mallaka. Duk da haka ina roƙon masu wannan buri su yi hattara, gama abin da suke yabo yana da haƙora, kuma marasa yawa da marasa gida ya fi cizo.

Mu dubi jihar Kalifoniya, inda wannan ƙuri'ar raba gardama ta zama ruwan dare. A watan Yuni na 1978 kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe suka amince da Ƙudiri na 13, wanda Howard Jarvis ya jagoranta. Ƙudirin ya tsayar da harajin gida a kashi 1 cikin 100 na darajarsa, ya kuma hana a ɗaga darajar da fiye da kashi 2 a shekara sai ranar da aka sayar da gidan. An ce domin tsofaffi aka yi, kada haraji ya kore su daga gidajensu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ga abin da ya haifa: gidaje biyu iri ɗaya a layi ɗaya, wanda ya saya tun da daɗewa yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, saurayin da ya saya bara yana biyan ninkin ba ninkin.

Da kuɗin harajin gida ya ragu, sai birane suka koma wa harajin ciniki, domin kashi 1 cikin 100 na cinikin kanti yana shiga asusun garin da kantin yake. Daga nan idon majalisar gari ya canza. In ta ga fili, tambayarta ita ce nawa zai kawo. Babban kanti da wurin sayar da motoci ana yi musu shimfiɗa. Gidajen talakawa kuwa ɗawainiya ce, majami'a kuma ba ta biyan harajin gida ko kaɗan.

Kada wani ya ce zato nake yi. A garin Cypress, ikkilisiyar Cottonwood ta sayi fili mai eka 18 domin ta gina wurin sujada. Gari ya ƙi ba ta izinin gini, sa'an nan a 2002 ya tashi karɓe filin da ƙarfin hukuma domin a kafa kantin Costco.  Abin da ya tsayar da su shi ne alƙalin tarayya David Carter, da dokar da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 2000 wadda ta hana hukumomin gari matsa wa wuraren ibada da dokokin fili ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A ƙarshe aka sasanta, ikkilisiyar ta sami wani fili kusa. Ku lura, dattawa: rubutacciyar doka da kotu ne suka cece ta. Kuma Cottonwood babbar ikkilisiya ce mai dubban mutane da kuɗin lauya. Ƙaramar taron baƙi mai mutum sittin, wadda take hayar shago ranar Lahadi, da tuni ta naɗe tabarmarta ba wanda ya ji labari.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A 1950 masu zaɓe a Kalifoniya suka saka Sashe na 34 cikin tsarin mulkin jihar, wanda ya ce hukuma ba za ta gina gidajen haya masu rahusa domin talakawa ba sai mutanen garin sun yarda da ƙuri'a. Ba a neman wannan izini domin hanyar mota ko gidajen attajirai, sai gidan talaka kaɗai. Mutanen San Jose suka ƙi irin waɗannan gidaje, matalautan da abin ya shafa suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta Amurka kuwa a 1971 ta ce dokar tana nan daram, wai wannan son dimokuraɗiyya ne. An gwada soke sashen a 1974 da 1980 da 1993, duk masu zaɓe suka ƙi.

To, wa yake jefa ƙuri'ar? Wanda ya riga ya zauna a garin. Iyalin da za su shiga gidan da ba a gina ba suna can wani gari mai nisa, suna tafiyar awa biyu zuwa wurin aiki, ba su da murya a akwatin garin da ya rufe musu ƙofa. Baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba, ko shekara ashirin ya yi yana share titin garin, ba a tambayarsa. Ɗan'uwan da yake marmarin wannan tsari ya zauna ya ƙirga: in aka kira ƙuri'a gobe a unguwarsa a kan ko a bar majami'arsu ta ƙara ɗaki biyu, hannu nawa ne zai tashi?

A birnin Los Anjeles abin ya zagayo har ya ciji wutsiyarsa. A 1986 masu zaɓe suka amince da Ƙudirin U, wanda ya rage da rabi girman ginin da aka yarda a yi a yawancin filayen kasuwanci na birnin. Gini ya yi wuya, haya ta hau, kuma ko da yake dalilan kwana a titi suna da yawa, ƙarancin gida yana kan gaba. Da tantuna suka cika gefen hanya, sai aka koma wa akwati. A watan Maris na 2017 gundumar ta amince da Ƙudirin H, ƙarin santi 25 a kan kowace dala 100 ta sayayya domin taimakon marasa gida. A Nuwamba 2024 Ƙudirin A ya maye gurbinsa, ya mai da shi santi 50. Taimakon marasa gida abu ne mai kyau, ba mai bi da zai yi jayayya da shi. Amma harajin ciniki bai san mai kuɗi da talaka ba. An tsame yawancin kayan abinci, gaskiya ne, amma gwauruwa mai sayen sabulu da takalmin yaro tana biyan kaso ɗaya da mai gida uku, kuma daga ɗan abin hannunta ya fi zafi. An kulle harajin mai gida tun 1978, na mai sayen sabulu kuwa ana ta ƙara masa.

Masu kare tsarin za su ce ai jama'a sukan yi daidai wani lokaci, kuma ban musa ba. A ranar da aka amince da Ƙudirin H, mutanen birnin sun yi watsi da Ƙudirin S, wanda ya so a dakatar da manyan gine-gine masu neman canjin dokar fili har shekara biyu. Wajen kashi 70 cikin 100 suka ce a'a. A 2022 kuma sun ɗora harajin kashi 4 a kan sayar da kadara mai darajar fiye da dala miliyan 5, da kashi 5.5 daga miliyan 10. Sai dai a wancan zaɓe na Maris 2017, kimanin mutum ɗaya cikin biyar na masu rajista ne ya fito. Birni mai mutum kusan miliyan 4 ya tsira daga Ƙudirin S ne domin 'yan kaɗan ɗin da suka fito ranar Talatar nan sun karkata wancan gefe, sauran kuwa suna wurin aiki.