RA'AYINMU: SHINGEN DA YA TARE MAI GIDA, YA ƘYALE ƁARAWO

Duk lokacin da aka tayar da zancen durƙushewar masana'antun ƙera kayan gyaran mota a Nijeriya, kuɗin fito ake fara ambata. Wasu su ce a ƙara shi, wasu su ce a rage. Mu a namu ra'ayi, wannan gardama ta daɗe tana rufe wa jama'a ido daga wani abu wanda ya fi ta ɓarna, wato shingayen ciniki waɗanda ba na kuɗin fito ba. Abin da muke nufi shi ne lasin shigo da kaya, da hana kuɗin musaya, da takardun tabbatar da inganci, da rufe kan iyaka, da jinkiri a tashar jirgin ruwa, da kuma sandunan da ake gittawa a kan hanya. Kuɗin fito a rubuce yake, mai masana'anta yana iya lissafa shi kafin ya zuba dukiyarsa. Waɗannan kuwa ba mai iya lissafa su, don yau a sa gobe a cire, kuma galibi hukunci yana hannun ma'aikacin da ka tarar a kan teburi.

Wanda yake son ya ga inda nauyin abin yake sauka, to, ya dubi Limanti, tsohuwar unguwa a tsakiyar Yerwa. Tun da aka hana acaɓa a Maiduguri a 2011, keke mai ƙafa uku ya zama abin hawan talaka, kuma abin neman abincin samari masu yawa. Kekunan Bajaj da TVS na Indiya ne. Filogi da takalmin birki da farantin kuloci da bakanike yake ɗaura musu, mafi yawansu daga Indiya da Sin suke. Sai sun sauka a Ikko, sun bi ta hannun dillalai, sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a mota kafin su iso Barno. Kowace takarda da aka jira a Apapa, da kowace sanda da aka ɗaga wa direba a hanya, kuɗinta yana kan wannan ɗan ƙarfen, kuma matuƙin keke ne yake biya, sa'an nan ya ɗora wa matar da za ta tafi Kasuwar Litinin. Da a ce wannan wahala ta haifar mana da masana'antu a gida, da mun ce jama'a su ƙara haƙuri. To, ina masana'antun?

Ba yau aka fara ba. A cikin shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa wuraren harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, waɗanda suka fara aiki a 1975, sa'an nan Leyland a Badun, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, da ANAMMCO mai harhaɗa manyan motocin Mercedes a Inugu. Manufa ita ce sannu a hankali a riƙa ƙera sassan motar a nan gida har su rinjayi na waje. An kuwa ɗan taɓa: taya da batir da fenti da kujeru an samu na gida. Amma tun ran gini tun ran zane. Cunkoson tashar Apapa na wancan zamani ya kai ga kamfanin Peugeot yana ɗauko sassan motoci ta jirgin sama daga Liyon ta Faransa zuwa Kano. Babu dokar da ta ce a yi haka, jinkiri kaɗai ya zama shinge.

Da farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sai lasin shigo da kaya ya zama sarki. Wanda duk ya yi kasuwanci a lokacin ya san yadda abin ya kasance. Takardar takan faɗa hannun wanda ya san wani, ba hannun mai injin da ma'aikata ba, shi kuma ya sayar da ita da riba. Masana'antu suka rasa ɗanyun kaya, aka sallami ma'aikata. A 1986 aka soke lasin gaba ɗaya a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati, aka koma wa 'yar Kwatano. Mai ƙera kujera ko gilashi domin Kaduna ya wayi gari ba mai saye da yawa. Daga baya ma masu taya suka bi sahu: Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da doka ta haramta shigowa da su, amma wace kasuwa ce babu su?

Dole ne a nan mu yaba wa mutanen Nnewi ta Jihar Anambra. 'Yan kasuwar safaya ne waɗanda, a cikin shekarun 1980, suka sayo injuna daga Taiwan suka shiga ƙera batir da igiyar birki da fanbel da kayan roba, suna samar wa kansu wuta da ruwa. A garin ne kamfanin Innoson ya buɗe wurin harhaɗa motoci a 2010. Sun nuna cewa ɗan ƙasa yana iyawa. Sai dai ku dubi abin da hukuma ta yi wa irinsu. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da jerin kaya 41 waɗanda ba za a ƙara ba masu shigo da su kuɗin musaya a farashin hukuma ba. An yi haka ne, in ji su, don a ƙarfafa masana'antun gida. Amma a cikin jerin har da falankin ƙarfe da wayar ƙarfe da kayan roba da gilashi. Da me ake ƙera salansa da murfin inji in ba da falankin ƙarfe ba? Ajaokuta, wadda aka fara gina ta tun 1979 don ta ba mu ƙarfe, har yau ba ta cika alkawari ba, kuma masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo domin rodin gini aka kafa su. Saboda haka maƙerin gida ya koma kasuwar bayan fage yana sayen dala da tsada don ya kawo ɗanyen kaya, alhali wanda ya shigo da salansar an gama ƙera ta a waje ba ya cikin jerin. Shekara takwas aka yi a haka kafin a janye dokar a watan Oktoba na 2023.

Haka zancen inganci yake. Tun 2005 hukumar SON take da shirin SONCAP, wanda ya wajabta a gwada kaya a ƙasar da suka fito kafin a loda su. Ba mu ƙi wannan ba ko kaɗan. Takalmin birki na jabu kisan kai ne, kuma hanyar Damaturu da ta Badun sun ci rayukan da suka isa. Tambayarmu ita ce, wa takardar take kamawa? Mai masana'anta mai rajista, mai adireshi, shi ne yake bin layi a banki don takardar shigo da kaya, ya bi na kwastan, ya nemi shaidar ingancin abin da ya ƙera, ko rangwame aka yi masa sai ya nemi takardar rangwamen. Kwantenarsa tana zaune, kuɗin ajiya yana hawa, bashin banki yana haihuwa. Ɗan fasa-ƙwauri ba ya bin ko ɗaya. Shi ya sa jabu da gwanjo suke cika Ladipo da Ƙofar Ruwa, kayan gida kuwa su iso kasuwa sun fi kowa tsada.

Akwai kuma wata fuska wadda mahukunta a Abuja ba su cika dubawa ba, ita ce ta fitar da kaya. Masana'antar sassan mota ba ta rayuwa sai da kasuwa mai faɗi, domin injin da zai buga filogi dubu shi ne zai buga miliyan. Barno tana iyaka da ƙasashe uku, Nijar da Cadi da Kamaru, kuma Njamena ta fi Kano kusa da Maiduguri. Tun kaka da kakanni fatake suke bin Dikwa zuwa Gamboru, ko Bama zuwa Banki. Amma Cadi da Kamaru ba su cikin ƙungiyar ECOWAS, Nijar kuma ta fice a watan Janairu na 2025. Ke nan sassaucin cinikin ƙungiyar, wanda ɗan kasuwar Ikko yake taƙama da shi a kan hanyar Kwatano da Ankara, bai taɓa shafar Gamboru da Banki ba, na wajen Nijar kuma ya zama abin da ba tabbas. A kan wannan aka ɗora rikicin Boko Haram da ya toshe hanyoyin shekara da shekaru, da rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023. Jirgin ƙasan da ya iso Maiduguri a 1964 ya daɗe da yin shiru. Wane mai hankali ne zai kafa masana'antar batir a Barno bai san ko ƙofa za ta kasance a buɗe baɗi ba?

Kada a ce muna kiran a buɗe ƙasa kowa ya zubo mata shara. Ƙasashen da suka yi nasara su ma da shinge suka yi. A 1956 Shugaba Kubitschek na Burazil ya gindaya wa kamfanonin mota sharaɗin cewa cikin 'yan shekaru kashi 90 cikin 100 ko fiye na nauyin mota ya zama ƙirar gida. Amma Burazil tana da masana'antar ƙarfe ta Volta Redonda tana aiki tun 1946, kuma ba ta sauya magana a tsakiyar tafiya ba. Afirka ta Kudu ta bi irin wannan hanya tun farkon shekarun 1960. Yau wannan ƙofa ta ƙuntata, don dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda muke cikinta tun 1995, sun hana tilasta wa kamfani sayen kayan gida, kuma an yanke wa Indunusiya hukunci a kan haka a 1998, Indiya a 2002. Mu kuwa ko abin da ya rage a hannunmu ba mu riƙe ba. An fito da manufar motoci a 2013, Majalisa ta mayar da ita shirin doka, Shugaban Ƙasa ya ƙi sa hannu a 2019, sa'an nan dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare harajin da aka jawo masu jari da shi. An ba da umarni a 2017 cewa ma'aikatu su fifita kayan gida, amma a 2023 'yan Majalisar Tarayya motocin waje suka saya wa kansu.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta raba ɗanyen kaya da ƙerarren kaya a duk dokar da za ta kafa nan gaba, ta kuma keɓe wa masana'antu masu rajista hanyar fitar da kwantena cikin kwanakin da aka ƙayyade a rubuce. Manufar motoci kuwa a mayar da ita doka, don kada wani minista ya soke ta da sanarwa guda. Game da Barno, tun da Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka a Yamai a 2019, babu dalilin da zai hana a zauna da Kamaru da Cadi a amince da takardar inganci guda da shaidar asalin kaya guda a Gamboru da Banki.

Ku kuma 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca, wannan magana taku ce. Da yawanku direbobin tirela ne da 'yan kamasho da masu lodi, kun fi kowane kwamiti sanin adadin sandunan da ke tsakanin Apapa da Yerwa, da abin da ake karɓa a kowace. Muna roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su sa a rubuta wannan lissafi, wuri da wuri, rana da rana, a miƙa shi ga wakilanku na Majalisar Tarayya kafin a zauna kan kasafin kuɗi mai zuwa.