Zoɓon Wane Gari Ne Wannan?

In mutum na son albasa ta ƙwarai, cewa yake a ba shi ta Galmi. Sunan garin ya zama shaida, har hukumar OAPI mai kare sunayen kayayyaki a ƙasashen Afirka da dama ta yi masa rajista, kamar yadda ta yi wa kilishin Nijar. To, je kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, ka tsaya gaban mai tiyar zoɓo ka tambaye ta na wane gari ne. Za ta gaya maka, don ta sani. Mu masu saye ne ba mu tambaya, 'ya'yanmu kuwa ba su ma san da abin tambayar ba. Ni a ganina asara ce, kuma gyaranta na wuyan malamai da iyaye.

Bari in ɗauko misali daga inda ba a zata. Giya haramun ce, ba tallarta nake ba. Abin dubawa shi ne yadda Faransawa suka ci moriyar sunayen ƙauyukansu. A yankin Burgonyi, kusan duk jar giyarsu daga irin inabi guda ake yin ta, wanda suke kira pinot noir. Amma sun kasa ta hawa huɗu: mai sunan yanki, mai sunan ƙauye, sai hawa biyu na sama masu ɗauke da sunan gona. Pommard da Volnay ƙauyuka ne maƙwabta kusa da birnin Beaune, gonakinsu sun haɗa iyaka, amma mashayansu na cewa ta Pommard ta fi nauyi a baki, ta Volnay ta fi laushi. Tun 1935 doka ke tsare irin waɗannan sunaye, a 2015 kuma UNESCO ta sa gonakin yankin cikin kayan tarihin duniya. Manomi mai 'yar gona a can sunan ƙauyensu yake sayarwa, kuma yana samun mai saye ne saboda akwai harsunan da aka koya wa bambancewa.

Mu ma muna da jan abin sha, namu kuwa halal ne. Yakuwa ba baƙuwa ba ce a gonakinmu. Mata ke shuka ta a gefen hatsi ko cikin gamana, ganyen ya shiga miya, 'ya'yan su zama daddawar batso, jan kwanson da ke rufe su a shanya ya zama zoɓo. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ja mai duhu kamar zai yi baƙi, akwai ja mai haske, akwai farin da ake sa wa miya. Wanda aka shanya kan tabarma daban yake da wanda ya kwana a ƙasa ya kwashi rairayi. Sabon ɗiba daban yake da wanda ya shekara a buhu. Ƙasar jigawa ba ɗaya take da ta kwarin Gulbin Kaba ba, haka ruwan rijiyoyinsu. Sai kuma hannu: wata ta tafasa, wata ta jiƙa ya kwana, wata citta ce ƙarfinta, wata kanumfari da masoro, wata na'ana'a kaɗai ta ishe ta.

Duniya ta san darajarsa. A Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisap, Meksiko kuwa daga Najeriya take sayen mai yawa, kuma kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa, a bakin iyakarmu, na cikin wuraren da ake tara shi. Sai dai da zarar ya shiga buhun dillali an gauraya, sunan garin ya ɓace, mai kyau da marar kyau kuɗinsu ɗaya. Matar da ta tsince nata tsaf ba ta ci ladan wahalarta ba.

Yanzu a dubi ƙofar lakwal lokacin hutun safe. Abin da ya fi tafiya shi ne garin lemon kanti da aka dama, aka ƙulla a leda, dala biyar. Launi ne da zaƙi da ƙamshin kamfani, yau da gobe ɗanɗano guda. Harshen da ya tashi a kansa in ya gamu da zoɓon gida sai yaro ya yamutsa fuska ya ce da tsami. Ban ga laifin masu sayarwa ba, neman na cefane suke, kuma abin da yara ke so shi za su kawo. Wasu iyaye na cewa na gida ba shi da tsabta. Batun ruwa gaskiya ne, amma garin kantin ma da ruwan unguwa ake dama shi, zoɓo kuwa in an so ana tafasa shi. Wanda aka narka wa sukari har ya rufe komai, shi kam bai fi na leda da komai ba.

Shawarata ƙarama ce: awa ɗaya a shekara, cikin Nuwamba ko Disamba, lokacin da sabon zoɓo ya shigo kasuwa. A samo tiya-tiya daga wurare uku ko huɗu, a ce Korgom, Maijirgi, Kanan Bakashe da Isawan, a dafa su da ruwa ɗaya, awo ɗaya, ba sukari, a ɓoye sunayen. Yara su duba launi, su shinshina, su kurɓa, su faɗi abin da suka ji. Nan za ka ga talaucin da muka jawo musu, don kalmominsu biyu ne, daɗi da ba daɗi, alhali Hausa na da tsami, bauri, ɗaci, maƙaƙi, garɗi, lami, kauri da tsinkewa. Darasin harshe ke nan. Sannan a matsa lemun tsami a kofi ɗaya, jan ya ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a wani, ya juye shuɗi-shuɗi mai duhu. Yaro ya ga bambancin abu mai tsami da mai kanwa da idonsa, ba ɗakin gwaji, ba kayan waje. Faransawa na da makon ɗanɗano a makarantunsu kowace Oktoba tun 1990. Abin dariya, masu kamfanonin sukari na cikin waɗanda suka kafa shi.

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce: aji cike maƙil, manhaja ta yi tsawo, ba kuɗin alli balle na gawayi. Shi ya sa bai kamata nauyin ya hau kan mushe shi kaɗai ba. Kwamitin kula da makaranta ya sayi zoɓon, ƙungiyar iyaye mata ta kawo tukunya da kofuna. Ranar kuma a bar uwar da ta fi iya dafawa ta tsaya gaban allo ta yi bayanin yadda take gane mai kyau tun yana cikin tiya, malami ya koma gefe yana rubuta sunayen garuruwan da yara suka canka daidai.