Motar masu kuɗi ta wuce, ta bar mana batir

Ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu sana'a, yau maganarmu a kan wata mota ce da da wuya a ce waninmu ya taɓa ganin ta a titin Maraɗi ko Damagaram. Sunanta Tesla Roadster. Kujera biyu ke gare ta, ko buhun albasa ɗaya ba ta ɗauka. Wani zai ce, mene ne haɗin kifi da kaska? Haɗin shi ne batir. Motar dai an daina ƙera ta tun 2012, amma abin da ta tayar ya iso har rumfunanmu, kuma ya kamata mu san yadda za mu tarbe shi.

An kafa kampanin Tesla a 2003 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka kafa shi, Elon Musk ya zuba kuɗinsa a 2004. A lokacin nan mutane sun ɗauki motar lantarki abin wasa, mai tafiyar hawainiya, wadda ba ta nisa. Babban kampanin General Motors ma ya gwada tasa mai suna EV1 daga 1996, daga baya ya karɓe motocin daga hannun masu haya, ya murƙushe mafi yawansu. Sai aka ce magana ta ƙare.

A 2008 Roadster ta fito kasuwa. An gina ta bisa samfurin wata ƙaramar motar Ingila ta kampanin Lotus. Ba ta shan esansi ko ɗigo. A bayan kujerunta an jera ƙananan batura 6,831 na litiyom, irin waɗanda ake sa wa kwamfutar hannu. Caji ɗaya yana kai ta kimanin kilomita 390, wato daga Maraɗi zuwa Damagaram da saura mai yawa. Daga tsaye, cikin daƙiƙa huɗu ta kama gudun kilomita 100 a awa. Kuɗinta ya kai dalar Amurka 109,000, kusan miliyan 50 na sefa a canjin wancan lokaci. Daga 2008 zuwa 2012 guda 2,450 ko kusa da haka aka sayar a duniya baki ɗaya.

Idan da yawan ciniki ake aunawa, wannan ba komai ba ne. Kampanin ya kusa karyewa a ƙarshen 2008, sai da kampanin Daimler na Jamus ya sa hannun jari a 2009, gwamnatin Amurka kuma ta ba shi bashin dala miliyan 465, wanda ya biya a 2013. Amma motar ta yi abu ɗaya da ya fi riba: ta nuna wa duniya cewa batir zai iya jan mota da gudu, ya kuma kai ta nesa. Gani ya kori ji. A ƙarshen 2010 General Motors ya fito da Volt, Nissan na Japan ya fito da Leaf. Daga nan aka shiga rige-rigen gina masana'antun batir.

Kowane ɗan kasuwa ya san cewa kaya in ya yi yawa, farashi sai ya sauka. Haka aka yi. A 2010, batirin da ke ajiye kilowat ɗaya na awa guda, wato ma'aunin nan da NIGELEC ke lissafa mana a takardar kuran, ya haura dala 1,000. A 2024 ya dawo wajen dala 115. Kada mu ba Tesla ladan da ba nata ba. Kampanin Sony na Japan ne ya fara sayar da batirin litiyom tun 1991, salula da kwamfuta suka raine shi, kuma manyan masana'antun ƙasar Sin irin su CATL da BYD ne suka karya farashinsa. Roadster buɗe ƙofa ta yi, wasu suka shigo da kaya. Ita kanta yanzu ta zama kayan tarihi. A watan Fabrairun 2018 Musk ya ɗora tasa a kan roka ya harba ta sararin samaniya don talla.

To ina ruwanmu? Mu tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta saboda takunkumin CEDEAO, alhali daga can ne mafi yawan kuran ɗinmu ke zuwa. Mai ƙanƙara ta gani, mai lemun zoɓo ta gani, mai kifi da tela da mai cajin salula duk sun gani. Mu tuna kuma dogayen layukan esansi na watan Maris 2025, duk da matatar SORAZ da muke da ita tun 2011. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta. Akwai tashar wutar rana a Malbaza tun 2018, akwai ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 tun 2023. Amma rana faɗuwa take, kasuwar dare kuma sai da fitila, firigo sai da wuta har asuba. Batir ne ke riƙe wutar rana ya ba mu ita da dare. Saukar farashinsa ta fi mana amfani a kan kowace motar tsere.

Maƙwabta sun soma motsi. A Benin da Togo kampanin Spiro ya zuba baburan lantarki, inda ɗan kabu-kabu ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin ƴan mintoci. Habasha ta hana shigo da motoci masu shan mai a 2024. Babur da adaidaita, su ne motocin talaka, kuma ta nan ne canjin zai fi saurin zuwa mana.

Sai dai fa Roadster ta bar darasi na biyu. Wasu masu ita da suka bar ta ba caji na dogon lokaci sun tarar batirin ya mutu murus, sabo kuma sai wajen dala 40,000. Batir ba ya son a ƙarar da shi ƙarƙaf, ba ya son zafi, mu kuwa mun san abin da watan Afrilu da Mayu ke yi a ƙasar nan. Batirin jabu ko wanda ya fashe yana iya kama wuta, kuma babu ɗan kasuwar da ba ya tsoron gobara. Akwai kuma haɗarin a maida mu juji, a kwaso gajiyayyun batura daga ƙetare, a goge su, a liƙa musu sabuwar takarda, a sayar mana. Araha ba ta ado.

Saboda haka muna kira ga masu shigo da kaya da su ji tsoron Allah, su kawo na gaske, su faɗi ƙarfinsa na gaskiya. Mai saye, musamman iyayenmu mata da ke tara kuɗin adashe don sayen panno da firigo, kada ku biya sai an ba ku rasit da garanti a rubuce, ku ajiye batir a inuwa inda iska ke shiga. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su haɗa kai su sayi kaya a dunƙule daga wanda za su iya komawa gare shi in an sami matsala. Magabata kuma su sa ido a duwan don tare na jabu, su sa koyon gyaran batir da injin lantarki a cibiyoyin koyon sana'a, su tanadi wurin tattara matattun batura kafin yara su maida su abin wasa. Makaniken da bai san komai ba sai injin esansi, ya soma neman sani tun yanzu.

Waɗanda suka sayi Roadster a 2008 don nishaɗi suka saya. Mu kuwa neman abinci ne ya haɗa mu da batir, don haka mu ne ya fi kamata mu buɗe ido. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.