A Riƙa Auna Su Da Mudun Talaka

Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan yadda ake auna aikin bankunan talakawa, asibitoci da jami'o'i.

A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Bankin Jama'a don bai wa mai ƙaramin jari rance ba tare da jingina ba. A Disambar 1990 kuma aka buɗe bankin al'umma na farko a Nijeriya, wato na Alheri, nan maƙwabtanmu Tudun Wada. Abin da aka fi yi mana shela da shi a lokacin shi ne yawan rassa da miliyoyin da aka raba. To ina aka kwana? A 2000 aka haɗe Bankin Jama'a da Bankin Manoma, a 2010 kuwa Babban Banki ya soke lasin ƙananan bankuna 224.

Ni a ganina mudun ne ba daidai ba. Ko uwar adashi ai ba a yaba mata don yawan masu zubi, sai in kowa ya kwashi nasa ranar da aka yi alkawari. Saboda haka a tambayi banki ko ƙungiyar gama kai: cikin kowace naira 100 da aka tara, nawa ta isa hannun mai tireda da manomi, nawa ta dawo, nawa ta tafi a albashi da motocin shugabanni?

Haka ma asibiti. Kada a ƙirga mana gadaje da sabon fenti, a faɗa mana awa nawa mai naƙuda ke jira, da ko akwai magani a ciki. Jami'a kuma shekara nawa digirin shekara 4 ke ci? Yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya cinye wata 8, iyaye na ta ciyarwa.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, mu sani hukumar NDIC masu ajiya a banki mai lasi take biya, ba ruwanta da ƙungiyar gama kai. Kafin ka zuba guminka, nemi a karanta maka lissafin shekara a gaban taro. Wanda ya ƙi buɗe littafi, riƙe kuɗinka.

Allah Ya sa mu gane, amin.

Naka mai karatu kullum,
Unguwar Mu'azu, Kaduna.