Jónas Hallgrímsson: abin da takardun masanin halitta ke faɗa

Tun daga 1996, kowace ranar 16 ga Nuwamba tsibirin Ayislan na bikin ranar harshensa, domin a ranar ce aka haifi Jónas Hallgrímsson a 1807. Ana karanta waƙoƙinsa a makarantu, hotonsa kuma yana kan takardar kuɗi ta krona 10,000. Sai dai wannan girmamawa ta karkata gefe guda. An ɗaukaka mawaƙin, an bar masanin duwatsu da tsuntsaye a baya, alhali kuwa ga ɗalibin kimiyyar harshe takardun masanin ne suka fi cancanta a zauna a kansu.

A zamaninsa Ayislan tana ƙarƙashin sarautar Danmak, kuma a Kwapanhagan ya yi karatun jami'a daga 1832. Ya zagaya tsibirin a 1837, sannan daga 1839 zuwa 1842, yana tattara bayanai kan duwatsu masu aman wuta, maɓuɓɓugan ruwan zafi, tsirrai da dabbobi, da niyyar rubuta cikakken bayanin ƙasar. Littafin bai kammala ba. A Mayu na 1845 ya faɗo daga matakala a Kwapanhagan, ya karye a ƙafa, ya rasu yana da shekara 37. Abokansa suka buga waƙoƙinsa a 1847. Ajiye-ajiyen tafiya, wasiƙu da rahotanni kuwa suka daɗe suna jira.

Abin lura na farko a cikinsu shi ne harshe. Mafi yawan bayanan tafiyarsa da harshen Danmak ya rubuta su, harshen masu mulki da masu ba da kuɗin bincike, waƙa kuma da harshen uwa. Ɗalibin da ke rubuta binciken digiri da Faransanci a Zinder ko Yamai, ya koma gida ya tsara waƙa da Hausa, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan rabo. Wanda ya karanta takardun a fassara kaɗai ba zai ma san an yi rabon ba.

Inda Jónas ya ƙi yarda da shi shi ne a 1842, lokacin da ya fassara littafin ilimin taurari na Ursin zuwa harshen Ayislan. Maimakon aro daga Latin ko harshen Danmak, sai ya gina kalmomi daga saiwoyin gida. A cikin waɗanda ake jingina masa akwai «reikistjarna», wato tauraro mai yawo, ga duniyoyin da ke kewaya rana. «Sjónauki», ƙarin gani, ga madubin hangen nesa. «Aðdráttarafl», ƙarfin janyowa. Da «hitabelti», ɗamarar zafi, sunan yankin da Nijar kanta take ciki. Har yau da su ake magana. Mafi ban sha'awa ita ce «ljósvaki», wadda ya ƙera domin wani sinadari da masanan lokacin suke zaton haske yana ratsawa ta cikinsa. Kimiyya ta yi watsi da sinadarin, kalmar kuwa ta ƙi mutuwa, ta koma kan rediyo da talabijin.

Masu cewa kunnen mawaƙi ne ya raya waɗannan kalmomi suna da rabin gaskiya. Daɗin furuci ba ya riƙe kalmar kimiyya idan ma'anarta ta goce, kuma ba ta goce ba saboda mai ƙirar ya san abin da yake raɗa wa suna. Wannan sanin yana cikin bayanan tafiya da wasiƙunsa, ba a cikin baitoci ba.

Shi ya sa bugun ayyukansa na 1989, mai juzu'i huɗu, ya yi daidai da ya ware juzu'i guda ga wasiƙu da littattafan tafiya, wani kuma ga rubuce-rubucensa kan halitta da ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da na waƙoƙi.