Yaron shago a Ƙofar Ruwa ya kamata ya iya layi ɗaya na Termux

A kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota da kayan gini, ciniki da yawa yanzu ta WhatsApp yake farawa. Mai saye daga Maraɗi zai turo jerin kaya ashirin, ya ce sai ya ga hoto kafin ya tura kuɗi. Yaron shago ya shiga wayarsa mai dubban hotuna yana lalube ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya gama, mai sayen ya koma wani shagon. In kuma ya tura hoton da ba shi ba, kaya su je su dawo, asarar kuɗin mota ta hau kan maigida.

Wannan wahala ba dole ba ce. Android a kan Linux aka gina ta, kuma manhajar Termux, wadda ake samu kyauta a F-Droid, tana ba mutum damar bai wa wayarsa umarni a rubuce. Da farko a rubuta `termux-setup-storage` don ta samu izinin shiga ma'ajiyar waya. A tara hotunan a folda mai suna kaya, a zuba sunayen da ake so cikin jeri.txt, kowane suna a layinsa, a danna Enter bayan na ƙarshe don kada a tsallake shi. Sai a rubuta:

`cd ~/storage/shared; mkdir zabi`

`while read -r suna; do cp "kaya/$suna.jpg" zabi/; done < jeri.txt`

Nan take hotunan za su taru a folda zabi. Wanda babu shi, Termux za ta faɗi sunansa. Da yake `cp` kwafi kawai take yi, hotunan asali suna nan daram.

Wasu za su ce baƙin allo sai masu digiri. Ba haka ba ne. Wanda ya haddace lambobin kayan Toyota da Honda ba layi biyu ne za su gagare shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne suna. WhatsApp na ajiye hoto da suna irin IMG-20240312-WA0007, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Sai an zauna an sa wa kowane hoto lambar kayan da ke cikinsa. Aikin yini biyu ne ko uku, amma shagon da ya yi shi zai riƙa amsa mai saye tun yana kan layi.